Jawabi Bisa Sayar Da Rarar Kayan Lambu, Wanda Aka Yi Wa Ma'aikata A Augie

   

Abin da za a yi magana a kansa shi ne lambu, da yadda ma'aikaci zai yi da rarar da ta saura bayan gidansa ya ci. Watakila wani ya ce maganar ta yi ƙanƙanta ga taro irin wannan, inda ake tuna manyan mutane da manyan ayyuka. Amma duk wanda ya daɗe cikin aikin hukuma ya san yadda ma'aikaci yakan faɗi. Wata ne yakan yi nisa, cefane ya gagara, a ci bashi wurin mai kanti, bashi ya jawo kunya, kunya kuma ta sa mutum ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba. Kwandon albasa guda da aka sayar a kan kari yana iya tare wannan hanya tun daga bakinta. Sai dai kwandon nan shi ma yana iya zama ƙofar ɓarna, in mai shi ya tafi da rigar ofis cikin kasuwa. Waɗannan fuskoki biyu su ne za a duba.

Ƙasar Augie da gulbinta

Garin Augie yana arewa da Argungu, kusa da fadamar Gulbin Rima, wanda ake kira Gulbin Kabi. Tun zamanin da Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a Surame, farkon ƙarni na 16, arzikin Kabawa a gulbin nan yake, shinkafa a fadama, kifi a ruwa. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce wata 4 ba, watau daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka manomin tudu in ya girbe geronsa da kaka sai ya zauna jiran wata damina, ko kuwa ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani. Mai fadama kuwa, da ruwa ya janye ƙasa ta yi danshi, sai ya shiga noma na biyu, ya dasa albasa da tumatir da tattasai da attarugu, ya shuka kuɓewa da alayyafo da yalo, ya kafa dankali, har zuwa bazara yana cira.

A da, da jigo ake ban ruwa, ko da ƙwarya. Mutum ya haƙa 'yar rijiya a fadama, ya wuni yana ɗiba yana zubawa fangali bayan fangali. Abin da ƙarfin mutum guda zai shayar kaɗan ne, saboda haka rarar ma kaɗan ce, takan ƙare a kyautar maƙwabta da tallar yara. Daga baya al'amura suka sake. Aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, ambaliyar da aka saba gani kowace shekara ta canja hali, ko da yake wani lokaci takan zo da ƙarfi ta yi ɓarna, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020. Sa'an nan daga farkon shekarun 1990 Shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya taimaka da kuɗinsa, ya baza ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa. Yau abin da mutum guda yake shayarwa da inji cikin sa'a guda, da can sai ya wuni a kan jigo bai gama ba.

To, nan wahalar ta sauya wuri. Samun amfani ya yi sauƙi, rabuwa da shi kafin ya lalace shi ne ya zama aiki. Shinkafa ta sami gata: a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017. Ban da wannan, shinkafa in an zuba ta buhu takan shekara ba abin da ya same ta. Tumatir kuwa in ya nuna, kwanaki kaɗan ne ya ruɓe, alayyafo ko wuni guda ba ya yi a rana. Mai lambu ba shi da ikon cewa zai jira kasuwa ta yi kyau, sai in ya shirya wa haka tun da wuri.

Abin da doka ta ce

Tun da aka kafa Baitulmali a farkon zamanin Turawa aka yanka wa ma'aikatan En'e albashi, domin a raba su da cin abinci daga hannun talakawa. Malamin haraji, da malamin gona, da malamin daji, da magatakardan alƙali, da ɗan doka, kowa yana karɓar fam da sulallansa a ƙarshen wata. Amma albashi bai taɓa isar mai iyali ba, a zamanin fam da sule ko bayan da aka sake kuɗi zuwa naira a 1973. Waɗanda suka yi dabara sun riƙe gonakinsu da lambunansu, suka gama aiki da mutuncinsu. Waɗansu kuwa suka dogara ga gaisuwa da toshi, har abin ya ɓata sunan masu gaskiya tare da nasu. Shi ya sa a 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, cin hanci kuwa yana cikin abubuwan da ya ambata. Tun kafin wannan da daɗewa, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lasafta gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adu a littafinsa Kitabul Farƙi.

A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a wannan shekara kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shelar kowa ya noma abin da zai ci, har ma'aikata da 'yan makaranta. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. Sunaye sun sake, amma halin albashi yana nan. An mai da mafi ƙanƙancin albashi naira 30,000 a 2019, aka ɗaga shi zuwa naira 70,000 a 2024, duk wanda yake cefane kuwa ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Abin lura a nan shi ne, tsarin mulkin Nijeriya na 1999, cikin ƙa'idojin halayen ma'aikatan hukuma, ya hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, amma ya keɓe noma, ya ce ba a hana shi ba. Ke nan lambu ita ce ƙofar da doka ta bar wa ma'aikaci a buɗe, ba kuwa abin kunya ba ne a ga kwandon akawu a kasuwa.

Mece ce rara

Rara ita ce abin da ya saura bayan tukunyar gida ta samu. Wannan magana kamar ba ta bukatar faɗi, amma sau da yawa akan ga mutum ya kwashe tumatirinsa duka ya kai kasuwa da rani lokacin da yake araha, sa'an nan da damina ya koma yana sayen gwangwani da tsada. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kafin a kira dillali, sai maigida ya zauna da uwargida su ƙiyasta abin da miya za ta ci har sabon amfani ya fito, na ɗanye da na busasshe, a ware shi gefe. A ware iri. A ware na maƙwabci da na almajiri da na dangin da ba su da fadama, gama wannan haƙƙi ne da aka gada. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana ba a fitar da zakka daga ganyaye da kayan marmari irin waɗannan kamar yadda ake fitarwa daga hatsi, sai dai kuɗinsu in ya kai nisabi ya shekara, amma ƙofar sadaka ba ta rufe ba. Abin da ya rage bayan wannan duka shi ne na kasuwa.

Sa'an nan sai lissafi. Ma'aikacin da ya iya riƙe littafin haraji ba shi da hanzari in ya kasa riƙe littafin lambunsa. A ɗauka misali mutum ya cire kwando 10 na tumatir. Gida ya ɗauki 2, kyauta da sadaka 1, saura 7. In kuɗin iri da taki da magani ya ci kimanin kwando 2, man inji ya ci 2, ɗauko da la'adar dillali da kuɗin kasuwa suka ci 1, to, ribarsa kwando 2 ne, ko da yake hannunsa ya karɓi kuɗin 7. Wanda bai rubuta ba sai ya ga kuɗi sun cika aljihu, ya kashe su duka, in lokacin dashe ya zo ya rasa na iri, ya koma cin bashi. Man inji musamman ya kamata a sa masa ido, gama tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa bayan nan. Shi ya sa waɗansu suka koma ga injin da yake aiki da hasken rana, wanda sayensa yana da nauyi amma ba ya shan mai. Mutum biyu ko uku masu fadama kusa da juna suna iya haɗa hannu su saya.

Lokaci da ajiya

Babbar cutar mai lambu ita ce kowa ya dasa rana guda, kowa ya cire rana guda. Tumatir yana son sanyin hunturu, saboda haka daga Janairu zuwa Maris kasuwa takan cika har a rasa mai tayawa, in zafin bazara ya shigo kuma sai ya yi wuya. Maganin wannan ga mai ƙaramin lambu shi ne ya raba dashensa, ya dasa fangali kaɗan yau, bayan mako biyu ya ƙara, bayan wani mako biyu ya sake ƙarawa, domin amfani ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zai iya sayarwa. Kada kuma ya zuba ƙarfinsa duka ga abu guda. A 2016 wata tsutsa ta faɗa wa tumatir a jihohin Arewa da dama ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka haɗa da albasa da tattasai su ne suka tsira da wani abu.

Albasa ita ce ta fi haƙuri, ita ce kuma Jihar Kebbi ta yi suna da ita, musamman ƙasar Aliero. Takan yi araha lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu. Wanda yake son ya ci wannan riba sai ya yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya bari wuyanta ya kwanta, ya shanya ta a inuwa har ɓawon ya bushe, ya tsince mai rauni ya sayar nan da nan, sa'an nan ya jera mai lafiya a rudu inda iska take ratsawa, ba ta taɓa ƙasa ba. Lalle a riƙa dubawa ana fitar da wadda ta fara ruɓa, gama guda ɗaya takan ɓata na kewaye da ita. A sani kuma albasar ajiya takan rage nauyi, wata ta tsira, wata ta lalace, saboda haka a sa wannan cikin lissafi. Lawashinta ma ba abin zubarwa ba ne, in an daka an shanya ya zama gabu yana da masu saye.

Abin da ba ya ajiyuwa ɗanye sai a busar da shi. Tumatir a yanka a yi kauɗa, kuɓewa a yayyanka a shanya, tattasai da barkono haka, yakuwa da zogale kuma a inuwa domin kada launinsu ya tafi. Amma a shanya bisa tabarma ko bisa gado mai tsabta, a daina zubawa a ƙasa ko a gefen titi inda ƙura da awaki suke bi, gama mai saye yana ganin yashi zai rage kuɗi. Kauɗar da aka yi da rani lokacin da ba mai son tumatir, ita ce ake nema da damina. Na 'yan kwanaki kuwa akwai dabarar da wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo a ƙasar waje a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda akwai iska. Ruwan da yake bushewa shi yake janye zafi, kayan ciki su daɗe ba su yanƙwane ba. A ƙasa mai bushewar iska irin wannan dabarar tana aiki ƙwarai, ba ta kuwa bukatar wutar lantarki.

Wajen cira, a yi shi da sanyin safiya. Tumatirin da zai yi tafiya a cire shi yana fara ja, kada a bari ya nuna sarai. Kada a danna kwando har na ƙasa ya fashe, in da hali a yi amfani da akwatin roba mai huda, wanda ake ɗora wani bisa wani ba tare da nauyi ya sauka kan kayan ba. Wanda ya fesa maganin ƙwari lalle ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin ya cira. Mai saye ba ya ganin magani da ido, amanar tana wuyan mai lambu, abin da ba zai yarda a zuba a tukunyar gidansa ba kada ya kai wa wani.

Inda za a sayar

Kasuwar mai ƙaramar rara tana kusa da shi. Akwai maƙwabta, da masu tuwo-tuwo, da masu sayar da abinci a tasha, da masu kayan miya na bakin kasuwa, waɗanda suke bukatar kaɗan kullum. Wanda ya sami irin waɗannan mutum 3 ko 4, yana kai musu kaya mai kyau a kan lokaci ba ya saɓawa, ya fi wanda yake jiran babbar mota. In kaya sun fi ƙarfin gari, ga Argungu kusa, daga can zuwa Birnin Kebbi kamar mil 30 ne, zuwa Sakkwato kuma kamar mil 60. Hanyar Sakkwaton nan a ƙarni na 19 hanyar yaƙi ce tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wadda daga gare ta bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo siffarsa ta yau, ita ce ta tabbatar da zumuncin da ya sa yanzu ake bin ta da kwanduna.

Kasuwannin Kudu, irin su Mile 12 ta Ikko da Bodija ta Badun, suna biya da tsoka, amma wannan fage na masu manyan motoci ne, yana da hatsarinsa. A ƙarshen Fabrairu 2021, da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir da albasa suka taru a kasuwannin Arewa, kuɗinsu ya faɗi warwas, da yawa suka ruɓe. Ma'aikaci mai kwando 7 ba shi da abin da zai kai shi wannan caca. In ya zama dole a bi ta hannun dillali, sai a yanke la'ada tun kafin a sauke kaya, a tambayi farashin ranar a wuri biyu ko uku, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa yanzu. A guji ba da kaya bashi ga wanda ba a san gidansa ba.

Masu itatuwan mangwaro da gwaba da lemu kuma su lura da wani abu. Akan zo a taya itace tun yana fure, a ba da kuɗi kaɗan, in ya yi 'ya'ya mai saye ya kwashe. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace a bisa uwarsu kafin alamar nunarsu ta bayyana, hikimar kuwa a fili take, gama ɗayan biyu ne zai cutu. Haka kuma ta hana tare mutanen ƙauye a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi, ta hana tauye mudu, da jera manya a bakin kwando a ɓoye ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa.

Sharuɗɗan da suka keɓanta ga ma'aikaci

Duk abin da aka faɗa a baya ya shafi kowane mai lambu. Amma ma'aikaci yana da abin da talaka ba shi da shi, watau kujera da hatimi da sanayya, saboda haka akwai sharuɗɗa a kansa.

Na fari, lokacin aiki na jama'a ne, an riga an biya shi. Lambu tana da asuba da la'asar da ranakun hutu. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun da safe ta iske ofis a rufe, aka ce mata malam ya tafi fadama, an zalunce ta, ko da malam halal ya tafi nema.

Na biyu, kayan hukuma ba sa shiga lambu. Motar ofis da babur da mansu, da takin da aka kawo a raba wa manoma, da injin ban ruwa na shiri, duk amana ne. Masinja da lebura kuma ba barorin gida ba ne, in sun yi aiki a lambu ranar hutu da yardarsu sai a biya su ladan da ake biyan kowa. Cikin koke-koken da aka riƙa yi da En'e a zamaninta akwai sa talakawa noma gandun manya ba lada, bai kamata a bar wannan ya komo da sabon suna ba.

Na uku, shi ne mafi hatsari, kada ma'aikaci ya sayar wa wanda yake da bukata a teburinsa. Mai neman takardar fili, ko ɗan kwangila, ko mai shari'a, in ya zo ya sayi buhun albasa da ninkin kuɗinsa ba tayi, kowa ya san ba albasa ya saya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanyar kuɓuta ita ce a ba ɗa ko ƙane ko dillali kayan ya kai kasuwa, a sayar a farashin ranar ga duk wanda ya zo. Haka nan kada babba ya ɗora wa na ƙasa da shi kaya ya ce a cire a albashi, gama na ƙasa ba ya iya cewa a'a.

Na huɗu, kwandon ma'aikaci ya biya kuɗin kasuwa kamar na kowa, ya karɓi rasiɗi, ya zauna inda sarkin kasuwa ya nuna masa. Ranar da aka ga kayan malamin haraji sun shiga kyauta, ranar ce karɓar haraji za ta yi wuya a wannan kasuwa.

Na biyar, filin fadama. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe filayen karkara, saboda haka wanda takardun suke bi ta hannunsa kada ya yanka wa kansa, kada ya matsa wa gwauruwa ko maraya su sayar masa da gadonsu. Kada kuma ya shinge burtali ko mashaya, domin da rani shanun makiyaya ba su da inda za su sha sai gulbi, rigingimu da yawa daga shingen lambu suka fara. Ma'aikacin da za a kira gobe ya sasanta manomi da makiyayi bai kamata a iske shingensa a kan hanyar shanu ba.

Na shida, ya tuna yana da albashi, maƙwabcinsa a fadama kuwa lambun ita ce albashinsa. In ma'aikaci ya karyar da kaya domin ya yi sauri ya koma gida, ya karya kasuwar wanda da kuɗin nan zai sayi geron iyalinsa. Ya sayar yadda ake sayarwa. In ya sami labarin sabon iri, ko maganin wata cuta, ko farashin wani gari, ya faɗa wa na kusa da shi, gama ilmin da ya samu a ofis domin su aka ba shi.

Mata da yara da ranar barin aiki

Cikin gida ma akwai lambu, ko da ba a kiranta haka: zogale a bayan ɗaki, gwanda inda ruwan wanke-wanke yake bi, yakuwa da kabewa a jikin danga. Matan da suka shuka waɗannan suka kuma yi wahalarsu, kuɗin da aka samu nasu ne, maigida ba shi da ikon haɗa shi da na cefane sai da yardarsu. Da shi suke zubin adashi, suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu, da yayyafi kuwa kogi kan cika. Amma a kula da talla. Yarinyar da aka hana makaranta domin farantin yalo an yi asarar da ta fi kuɗin yalon nesa, ma'aikaci kuwa shi ya kamata ya zama abin koyi a unguwarsu. A yi talla bayan an taso, kusa da gida, kafin magariba.

Daga ƙarshe a tuna kowane ma'aikaci yana da ranar da za a miƙa masa takardar barin aiki. Dattawan En'e da suke zaune a wannan taro sun san yadda ƙofar gida takan yi shiru bayan wannan rana, sun kuma san fansho ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Mangwaron aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, ya daɗe yana bayarwa. Saurayin da aka ɗauka aiki bana, in ya dasa 10 ya kiyaye su daga awaki, kafin ya kai tsakiyar aikinsa suna biya wa 'ya'yansa kuɗin littattafai, ranar da ya ajiye aiki kuma yana da wurin zuwa da safe, yana da abin sayarwa wanda ba mai tambayarsa inda ya samo shi.

Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai amfani, ya kiyaye fadamun Kabi daga ambaliya da fari da ƙwari, ya zaunar da ƙasa lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki iyayen ƙasa da ma'aikata bisa riƙon amana, ya sa a gama da mutunci. Amin. Haza wasalam.